Kujerar Dagdu

Ni ce mai rubuta abin da aka faɗa a taro.
Shekara bakwai alƙalamina na bin bakin mutane,
tun muna mu uku a bayan rumbun albasa a Lasalgaon:
Ninad da kwamfutarsa mai tsagaggen gilashi,
ni da littafi, Dagdu da dugadugansa masu kaushi.
Teburinmu buhu biyu ne da ƙyauren da ya ɓalle.
In za a yanke magana, duban juna ya wadatar.

Abin da muka ƙera bai fi tafin hannu ba,
'yar na'ura ce, a soke ta cikin tarin albasa,
ta ji ɗumin ruɓa kwana huɗu kafin hanci ya ji,
ta aika wa manomi saƙo a waya.
Dagdu ne ya fara yarda. Ya ba mu rumbunsa,
ya ce in ta ruɓe, ta ruɓe a kansa.

Yau ga mu a hawa na sha ɗaya a Pune,
kujera tara, gorar ruwa tara,
sanyin ɗaki har sai da na ja mayafi.
Masu zuba jari sun sauka da jirgin safe,
ɗayansu fuska ce kawai a jikin bango,
baki na motsi, murya na biyowa a baya.

Batu na huɗu: motocin dako.
Mrunal mai binciken kuɗi ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce kwangilar manyan motoci arba'in
ƙanin matar Ninad aka miƙa wa,
babu sanarwa, babu takara, babu sa hannu na biyu.
Ninad ya ce, "Shi ya yi mana dako bashi
lokacin da ko kuɗin mai ba mu da shi."
Gaskiya ne. Ina wurin.
Mrunal ta ce, "Halacci ne, amma daga aljihunka ake biyansa.
Wannan asusun yanzu ba naka ba ne kai kaɗai."
Wannan ma gaskiya ne.
Na rubuta duka biyun, hannuna na rawa.

Batu na biyar: kujerar manoma.
Lauya ya karanto da harshe mai santsi
cewa za ta koma ta mai ba da shawara:
ya zo, ya ji, ya sha shayi, amma ban da ƙuri'a.
Dagdu tun asuba ya taso, mota uku ya sauya.
Takardun da aka aika masa shafi casa'in ne, da Turanci,
jikarsa ta karanta masa goma, barci ya sace ta.

Ya ce, "Manoma nawa ne yanzu?"
Aka ce dubu sittin da biyu.
"To labarin rumbunansu, wa ake sayar wa?
Dillalai sun san ranar da albasata za ta gaji
kafin ni mai ita in sani."
Tsit.
Fuskar bango ta daskare,
ko layi ne ya yanke, ko mutumin ne, oho.

Aka ɗaga hannu. Biyar a cire, uku a bari.
Ninad ya ƙura wa tafinsa ido kamar na aro ne,
bai ɗaga ba, bai hana ba.
Na rubuta: ɗaya ya ƙaurace.
Kalma uku, da shekara bakwai a cikinsu.

A bakin ƙofa Dagdu ya zaro albasa daga aljihu,
ɓawonta ja wur, sai sheƙi take.
"Latsa wuyanta, Sulabha."
Na latsa. Yatsa ya nutse.
Ya ce, "Ku ƙera wata na'urar, ku soke a ɗakin nan."

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba,
ko da yake ban san wane ne ruwan a cikinmu ba.
Gobe zan kai wa shugaban taro takarda ya sa hannu.
An ce tambayar Dagdu ba ta cikin jerin batutuwa, in cire.
Tana nan a shafi na shida, layin ƙarshe.
In ya so, ya goge da hannunsa.